Idan Tankar Fetur Ta Faɗi

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar fetur ta kife a garin Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Mai ya malale har ya cika kwata. Jama'a suka fito da jarkoki da bokitai suna kwasa. Can sai wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu. Bayan wata uku, a Janairun 2025, aka sake yin irin wannan asarar rayuka a mararrabar Dikko ta Jihar Neja.

Ba wanda zai musa cewa rayuwa ta yi tsada. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, jarka ɗaya ta fetur ta zama kuɗin cefanen kwanaki. Shi ya sa wasu ke cewa banza ta faɗi. Amma fetur ba hatsi ba ne da za a tsaya ana tsinta.

Abin da ke kama wuta shi ne tururin da fetur ke fitarwa. Ido ba ya ganinsa, hanci kaɗai ke jinsa. Ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa-ƙasa yake bi, ya gangara cikin kwata da ramuka, ya yi nisa da motar. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi: guntun sigari, ashana, janareta, ko babur da aka tayar. Har bokitin ƙarfe idan ya goga da kwalta yana iya jawo shi. Wanda rigarsa ta jiƙe da mai kuwa, ko ya ruga, wutar tana jikinsa.

Ana cewa matsoraci ba ya zama gwani. Wannan a fagen dambe ne. A gaban tankar da ta kife, faɗuwar gaban da ka ji gargaɗi ce, kada ka danne ta don kunyar abokai.

In ka ji warin fetur, ka riga ka matso da yawa. Ka koma baya, ka nufi tudu, ta ɓangaren da iska ke fitowa. Kada ka tsaya kallo ko ɗaukar hoto, domin wuta ba ta bambanta mai kwasa da ɗan kallo. Ka janye yara, ka gaya wa mai shayi da mai tsire su kashe wutarsu. Bayan ka yi nisa, ka kira 112, ko 'yan kwana-kwana, ko jami'an kiyaye haɗurra.

Idan wuta ta kama tufafin mutum, kada ya yi gudu. Ya kwanta ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo. Sannan a riƙa zuba ruwa mai tsabta a kan ƙunar har kusan minti 20. Ban da ƙanƙara. Kada a shafa manja, ko man goge baki, ko ɗanyen ƙwai; waɗannan suna jawo ruɓewa, kuma suna wahalar da likita. Rigar da ta manne da fata, kada a fizge ta. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a garzaya asibiti.