Ubadatu Ɗan Samitu: Tsohon Mayaƙin Teku A Cikin Iyalinsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mutumin Kangire ta ƙasar Birnin Kudu manomi ne, tsakaninsa da teku kuwa tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita. Duk da haka 'ya'yan ƙasar Hausa sun sha hawan ruwan gishiri. An kwashi sojoji cikin jiragen ruwa zuwa Indiya da Bama tun daga 1943, sa'an nan da aka kafa rundunar sojan ruwa ta Nijeriya cikin 1956 samarin Arewa suka yi ta shiga. Da yawansu sun tsufa sun komo gida, kuma ran da ɗayansu ya rasu, abin da a kan lissafa a zaman makoki shi ne muƙaminsa da ƙasashen da ya taka. Darasin wannan mako ya shafi wani sahabi da ya riga su hawa teku, da abin da shi ya lissafa wa kansa a ranarsa ta ƙarshe.

Ubadatu ɗan Samitu, Allah ya ƙara masa yarda, Bakhazraje ne daga Madina, garin manoman dabino. Ya halarci mubaya'ar Aƙaba ta farko da ta biyu, yana kuma cikin naƙibai 12 da aka zaɓa a can. Naƙibi a Larabci shi ne wanda ya ke bincikar al'amuran jama'arsa, ya kuma tsaya musu lamuni. Ya yi yaƙin Badar da waɗanda suka biyo baya, ya koyar da Alƙur'ani ga mutanen Suffa. Sayyidina Umar ya aike shi Sham tare da Mu'azu ɗan Jabal da Abud Darda'i domin su karantar da jama'a, shi ne kuma ya fara riƙe alƙalanci a Falasɗinu. A lokacin buɗe Masar, shi Amru ɗan Asi ya sa ya jagoranci wakilai zuwa ga Muƙauƙisu. Masu tarihi sun ce dogo ne baƙi, har Muƙauƙisu ya nemi a sauya masa wani mai magana, abokan tafiyarsa suka ƙi, suka shaida masa cewa shi ne mafificinsu a ra'ayi da ilimi, baƙar fata kuwa ba abin ƙi ba ce a wurinsu.

Labarin teku a cikin gidansa ya fara. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, littafin da har yau a ke bitarsa a zaurukan ƙasar nan, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi barci wata rana a gidan Ummu Haramin 'yar Milhana, 'yar'uwar mahaifiyar Anas ɗan Malik, ya farka yana murmushi. Ya ba ta labarin an nuna masa waɗansu daga al'ummarsa suna ratsa teku domin Allah, kamar sarakuna bisa gadaje. Ta roƙe shi ya yi mata addu'ar zama cikinsu, ya yi. Wannan baiwar Allah ita ce matar Ubadatu.

An jima kafin abin ya tabbata. Mu'awiya, yana gwamnan Sham, ya matsa wa Sayyidina Umar a ba shi izinin yaƙin teku, shi kuwa ya ƙi, domin tsoron jefa rayukan Musulmi cikin hatsari. Sai a zamanin Sayyidina Usman aka yarda, bisa sharaɗin kada a tilasta wa kowa, kuma Mu'awiya ya tafi da matarsa, watau in ya tabbata babu halaka to ya fara da nasa gidan. Cikin shekara ta 28 bayan Hijira, daidai da 649, jirage suka tashi daga Akka suka nufi tsibirin Ƙubrus. Ubadatu yana ciki da matarsa, shekarunsa sun kai wajen 66. Abin lura, a da ya taɓa saɓawa da Mu'awiya a bainar jama'a kan cinikin zinariya da azurfa da ya ga akwai riba a ciki, amma wannan bai hana shi bin tutarsa ba.

Teku ba ta ci Ummu Haramin ba. Bayan an fito tudu ne dabbar da ta hau ta kayar da ita, ta cika. Kabarinta yana kusa da garin Larnaka, inda masallacin Hala Sultan ya ke. Tsoho ya komo Sham ba tare da abokiyar zamansa ba, ya ƙara shekara 6 a duniya.

To, a nan ne darasin ya ke. Da ciwon ajali ya kama shi, ɗansa Walidu ya shiga ya nemi wasiyya. Ya ce a zaunar da shi. Bai ambaci Badar ko Ƙubrus ba, sai ya gaya wa ɗan cewa ba zai ɗanɗani zaƙin imani ba sai ya sakankance abin da ya same shi ba zai taɓa kuskure masa ba, abin da ya kuskure masa kuma ba zai taɓa samunsa ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito wannan. Maganar ta fi nauyi idan aka tuna bakin da ta fito, bakin mutumin da matarsa ta tsira daga igiyar ruwa ta mutu a ƙarƙashin dabba.

Baihaƙi kuma ya kawo cewa ya sa aka fitar da shimfiɗarsa tsakar gida, aka tara masa barorinsa da maƙwabta da duk mai shiga wurinsa. Ya ce musu yana jin wannan ce ranarsa ta ƙarshe a duniya, kuma bai sani ba ko ya taɓa cutar wani da hannu ko da harshe, saboda haka duk mai haƙƙi ya rama tun ransa bai fita ba, domin akwai ƙisasi ranar Alƙiyama. Suka ce shi uba ne gare su, mai tarbiyya. Bai wadatu da yabon ba sai da ya tambaye su ko sun yafe, suka ce sun yafe, ya roƙi Allah ya shaida. Ya hana a yi masa kuka, ya ce kowa ya yi alwala ya shiga masallaci ya yi salla ya nema masa gafara.

Lalle wannan abin dubawa ne ga tsohon soja, wanda aikinsa ya saba masa da tsawa da ba da umurni, mai yiwuwa kuma ya shigo da halin cikin gida har matansa da 'ya'yansa suna shakkar tarinsa. Hadisin Muslim ya nuna a kan gafarta wa shahidi kome ban da bashi, malamai kuwa sun shigar da sauran haƙƙoƙin bayi a ƙarƙashinsa. Akwai wata ruwaya ta Ibnu Majah mai cewa shahidin teku har bashi a ke yafe masa, amma masana hadisi sun raunana ta, bai kamata sojan ruwa ya dogara gare ta ba. Sadakin da ba a cika ba, da gonar maraya da aka haɗa da ta gandu, da marin da aka yi wa yaron gida, ba lambar girma da ke goge su.

Ubadatu ya rasu a Falasɗinu cikin shekara ta 34 bayan Hijira, yana da shekara 72. Mai karatun da ya buɗe Kitabul Jihadi na Muwaɗɗa zai tarar da hadisin mubaya'ar ji da biyayya cikin wuya da daɗi, da faɗin gaskiya ba tare da tsoron zargi ba. Imamu Malik ya karɓe shi daga Yahaya ɗan Sa'idu, shi kuwa daga wani mai suna Ubadatu ɗan Walidu, daga ubansa, daga kakansa.