Shawarwari Ga Mai Ciwon Baya Ko Gwiwa Da Ya Ƙi Tafiya

A gidajenmu, da an ce Inna na fama da sanyin ƙashi ko Baba na ciwon baya, sai a shimfiɗa tabarma a ce, "A kwanta a huta, kada a taɓa komai." Tausayi ne. Amma idan ciwo ya wuce wata 3, doguwar kwanciya kan ƙara masa ƙarfi: tsoka ta saki, gaɓoɓi su sandare, ranar da aka yunƙura kuwa abin ya fi na da. Masu wannan lalura ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon baya a 2020. Ga yadda za a koma motsi ba tare da an fama ciwon ba.

1. Fara da likita. Idan da hali, a ga masu gashin ƙashi, irin waɗanda ke Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da sauran manyan asibitoci, su zaɓa maka motsin da ya dace da kai. Idan kuwa ciwon baya ya zo da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko mutuwar ƙafa, ko fitsari da bayan gida suka ƙwace maka, wannan ba na atisaye ba ne, na asibiti ne a ranar.

2. Kiyayi ranar da ka ji sauƙi. Nan ne mafi yawanmu ke faɗuwa. Uwargida ta wayi gari jikinta sakayau, sai ta haɗa wankin mako biyu da shara da daka a wuni ɗaya, daga nan kwana uku ba ta ko iya juyawa. Maganin wannan shi ne awo. Duba minti nawa kake iya tafiya kafin ciwon ya motsa; idan 10 ne, tsaya a 7, ka riƙa yin 7 ɗin nan kullum, ranar daɗi da ranar wuya. Bayan mako ka ƙara minti ɗaya ko biyu. Za ka ga kamar wasa kake, har wani ya yi maka dariya. Bar shi, sannu ba ta hana zuwa.

3. Tafiya ta fi komai araha. Zagaya tsakar gida, ko taka zuwa masallacin unguwa da safe ko bayan la'asar, a kan ƙasa shimfiɗaɗɗiya, da takalmi mai riƙe ƙafa, ba silifas da ya cinye ba. Minti 150 a mako da ake ba manya shawara, wurin zuwa ne, ba wurin farawa ba.

4. Ƙarfafa tsoka, kwana biyu ko uku a mako. Zauna a kujera mai ƙwari, ka miƙe, ka sake zama a hankali, sau 5. Dafa bango da tafuka biyu, ka kusanto shi, ka ture kanka baya. Kwanta rigingine, ka lanƙwasa gwiwoyi, ka ɗaga ƙugu kaɗan ka sauke. Gorar ruwa mai lita 1 kilo ɗaya ce, ta isa motsa hannu. Kada ka riƙe numfashi, musamman in kana da hawan jini.

5. Ba kowane zafi ne ɓarna ba. Tsamin jiki bayan motsi abu ne da aka saba, yakan wuce. Amma in bayan awa biyu ciwon ya fi yadda yake kafin ka fara, ka zarce; gobe ka rage, kada ka daina. Suka mai kaifi, jiri, ciwon ƙirji, ko gaɓar da ta kumbura ta yi zafi, su ne masu cewa tsaya.

6. Lokacin hunturu, ɗora tawul mai ɗumi a wurin kamar minti 15 kafin ka fara.

7. Gyara aikin gida. A ɗaura wa tsintsiya sanda, a ɗora bahon wanki a kan benci, a raba ruwa a ƙananan bokitai biyu maimakon babba ɗaya. In za a ɗauki abu daga ƙasa, gwiwa za a lanƙwasa, kayan kuma a rungumo su kusa da jiki.

8. Kada ka sha ƙwaya don kawai ka iya yin abin da ya fi ƙarfinka. Yawan shan diclofenac ko ibuprofen na cin ciki da ƙoda, tramadol kuwa kama mutum take. Masu sikila kuma, in za su motsa jiki, su sha ruwa sosai, su guji gajiya da zafin rana.

9. Ku kuma mutanen gida, ku daina cewa "raki ne", ku kuma daina ƙwace kowane aiki daga hannun mai ciwo. In Inna ta ce za ta zagaya tsakar gida, ku kawar da turmi da bokiti daga hanya, ɗaya daga cikinku ya taka tare da ita.