Likita ya ce zuciyata lafiya lau, amma tsoro ya hana ni sakat

Zuwa ga Hajiya: Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Kongo, kuma a nan New Bell cikin Douala aka haife ni. A daminar da ta wuce ina kan bensikin, wato acaɓa, cunkoso ya tsare mu a mahaɗar Ndokoti. Kawai sai gabana ya yanke ya faɗi, zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya ƙi shiga, yatsuna suka mutu. Na yi kalmar shahada, don na ɗauka tafiya ce ta zo. A asibiti aka auna jini, aka duba zuciya, aka ce ba abin da ya same ni. Abin ya sake dawowa, daga baya ya lafa.

Amma Hajiya ban koma yadda nake ba. Kullum hannuna na kan ƙirji ina sauraron zuciya. Na daina hawa bensikin, yaron shago nake aikawa ya saro kaya. Ran Juma'a a sahun waje nake tsayawa don in samu hanyar fita. Barci rabi da rabi, gajiya ba ta sakina, wani lokaci ina ganin mutane kamar a mafarki. Inna ta ce iska ce, an yi rubutu da ruƙiyya. Abokai sun ce sammu ne. Wani ya ba ni ƙwayar diyazefam, in na sha ina samun barci. Matata ban gaya mata komai ba, kada ta raina ni. Shin haukacewa nake yi?

Ƙaninki daga New Bell

Amsar Hajiya: Ba haukacewa kake yi ba, kuma wannan ciwo ba ya rikiɗewa ya zama hauka. Abin da ya same ka a Ndokoti farmakin firgici ne. Jiki kan yi kuskuren jin haɗari inda babu, ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri. Saurin numfashin nan ne ke rage iskar kabon da ke cikin jini, shi ya sa yatsu suke mutuwa, kai ya yi jiri, duniya ta zama kamar mafarki. Yakan kai ƙololuwa cikin minti 10 ko ƙasa, sannan ya sauka da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a 2019, don haka a layinku na kasuwa ma da wuya a ce kai kaɗai ne.

Abin da ke cin ka yanzu shi ne tsoron kada ya dawo. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Duk ranar da ka aiki yaro a madadinka, ko ka tsaya a sahun waje, zuciyarka za ta yi sanyi na ɗan lokaci, amma ƙwaƙwalwa ta ɗauki darasin cewa gudun ne ya cece ka. Gobe tsoron ya fi na yau ƙarfi. Dafa ƙirjin ma haka ne: mai kasa kunne ga zuciyarsa dole ya ji wani bugu da bai saba ji ba, ya firgita, firgitar ta ƙara mata gudu.

Saboda haka komawa za ka yi wuraren da ka ƙaurace wa, amma a hankali. Fara hawa bensikin daga gida zuwa kasuwa da sassafe, kafin titi ya cika. Ka maimaita har ya daina tayar maka da hankali, sannan ka ƙara nisa, Ndokoti ta zo a ƙarshe. A masallaci ka matsa sahu ɗaya ciki, mako mai zuwa ka ƙara. In gaba ya faɗi, kada ka sauka, kada ka fita. Ja numfashi ta hanci a natse, ka fitar da shi a hankali fiye da yadda ka ja, ka bar guguwar ta wuce kana wurin. Nan ne jiki ke koyon cewa ba abin da zai faru. Masana halayyar ɗan Adam da wannan hanya suke yi wa masu irin ciwonka magani, kuma da yawa suna warkewa.

Maganar ƙwaya ce ta fi damuna. Diyazefam tana kwantar da mutum nan take, amma jiki na saurin sabawa da ita, kuma barinta farat ɗaya bayan an daɗe ana sha na iya jawo fargaba mai tsanani, har da jijjiga. Kada ka yanke ta da kanka. Je sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Laquintinie, ka faɗa wa likita gaskiyar yawan da kake sha, shi zai rage maka sannu a hankali. Kada sunan sashen ya tsorata ka, masu rashin barci da damuwa ma can suke zuwa. Ka roƙa a duba maka glandar thyroid da ke maƙoshi da kuma ƙarancin jini, don su ma suna sa bugun zuciya. In ya rubuta maka magani na yau da kullum, yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa. Goro, kofi da shayi mai kauri kuwa ka rage, musamman bayan La'asar.

Addu'ar Inna ka riƙe ta, ba ta hana zuwa asibiti. Zancen sammu ne nake so ka rufe wa kunne, don zai sa ka riƙa zargin maƙwabtan shagonka, ga tsoron da kake ciki ga kuma gaba da mutane.

Matarka kuma ta daɗe da ganin ba ka barci, wataƙila tana can tana zargin ita ce ta yi maka laifi. Zaunar da ita ka gaya mata abin da likita ya ce. Ka koya mata cewa in abin ya taso ba kuka ko kiran jama'a kake bukata ba, ta zauna kusa da kai ta riƙa tuna maka fitar da numfashi a hankali. Amma in ciwon ƙirji ya zo da sabon salo, ko ka suma, ko ka ji tunanin cutar da kanka, ku nufi asibiti a ranar. Allah Ya ba ka lafiya.