Zaɓen Taya da Wili ga Jif Mai Lantarki: Shawarwari ga Magidantan Kura da Bunkure

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, maganar mota mai aiki da lantarki ta daina zama hirar 'yan birni kawai. Kamfanin Stallion ya fara harhaɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas a 2020, dillalai kuma na shigo da wasu daga Sin da Turai. A yankinmu har yanzu ba su da yawa, amma manomin da ya kafa sola don ban ruwa, ko mai injin casar shinkafa a Kura, ba laifi ba ne in ya fara lissafi. Abin da ake mantawa shi ne, an ƙera motocin nan ne don kwalta mai santsi. Mu kuwa da zarar mun sauka daga titin Kano zuwa Zariya, sai jar ƙasar da ke bin gefen kanal ɗin da ke kawo ruwa daga dam ɗin Tiga, ga ramukan da tarakta ta bari, ga taɓo ko da rani. Hanyar gonarka ce za ta zaɓa maka taya, ba kwalta ba. Yawancin shawarwarin nan sun shafi mai jif ɗin fetur ma.

1. Ka fara da koyon karanta rubutun jikin taya. Ta Kona mai lantarki irin wadda Stallion ya harhaɗa na ɗauke da 215/55 R17 94V. Lamba 215 faɗin taya ne da milimita. 55 na nufin tsayin gefenta kashi 55 cikin ɗari ne na faɗin, wato wajen milimita 118 na roba da iska tsakanin wili da ƙasa. 17 girman wili ne da inci, 94 lambar nauyin da za ta iya ɗauka, V kuma iyakar gudu. Girman da kamfani ya amince da shi yana rubuce a 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ka ɗauki hotonta da waya kafin ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa.

2. In kamfani ya ba da zaɓi biyu, ɗauki ƙaramin wili. Nan ne matasan gida za su yi maka gardama, don babban wili mai siririyar taya ya fi ɗaukar ido a bakin masallaci ranar ɗaurin aure. Duba Hyundai Ioniq 5: tana zuwa da 235/55 R19 ko 255/45 R20. Cikakken tsayin ƙafafun biyu kusan ɗaya ne, milimita 741 da 738, amma gefen ta farko ya kai milimita 129, na ta biyu kuwa 115 ne. Wannan bambancin shi ke shanye duka idan ka faɗa rami. Siririyar taya ba ta da wurin lanƙwasa, sai bakin rami ya matse ta da wili, zaren ciki ya tsinke, gobe ka ga ƙulu ya fito a gefe, ko wilin kansa ya tsage. Ƙulun gefe kuwa ba shi da faci, sai dai sabuwa. Ga kuma maganar caji: babban wili ya fi nauyi, faffaɗar taya ta fi jan ƙasa, don haka caji ɗaya ba ya kai ka inda ƙaramin wili zai kai ka. A Turai mai mota zai tsaya ya ƙara caji a hanya. Tsakanin Bunkure da Rano ina za ka tsaya? Ƙari a kan haka, taya mai inci 17 ko 18 ta fi sauƙin samu a Kano, ta kuma fi araha.

3. Amma kada ka sauka ƙasa da abin da kamfani ya yarda. Motar lantarki tana da nauyi, don haka birkinta babba ne, wilin da ya yi ƙanƙanta zai goge shi. Kuma daidaituwar ramukan noti ba ta isa hujja ba. Wilin RAV4 da na Kona duk ramuka biyar ne masu tazara ɗaya, sai dai ramin tsakiya na Toyota milimita 60.1 ne, na Hyundai 67.1, don haka wilin RAV4 ba zai zauna a Kona ba. In wani ya ce bari a kai wa mai walda ya buɗa ramin, ka karɓi makullinka.

4. Lambar nauyi ita ce ba a wasa da ita. Kona mai lantarki ta fi 'yar uwarta mai shan fetur nauyi da wajen kilo 300 saboda batir, kamar a ce kullum tana yawo da buhun taki shida tun kafin kowa ya shiga. Lamba 94 na nufin kilo 670 a kowace taya, 98 kilo 750, 100 kilo 800, 104 kuma kilo 900. Za ka iya hawa sama da lambar da kamfani ya sa, amma ba ka sauka ƙasa ko da ɗaya. Tayar da aka rubuta wa XL an ƙarfafa jikinta, ita ta fi dacewa da mu. Sai dai a fahimta: taya mai ƙarfi ba ta mayar da jif ta zama a-kori-kura. Mun san halinmu lokacin girbi, yadda ake kwantar da kujerun baya a jera buhunan shanshera, ko a ɗora kwandunan tumatir zuwa kasuwar Kwanar Gafan. Abin da yawancin ƙananan jif ɗin nan ke iya ɗauka, har da direba da fasinja, bai wuce kilo 400 zuwa 500 ba. Sauran kayan a bar wa motar haya.

5. Kada ka ɗaga mota da ƙatuwar taya. Gaskiya ne jarabar tana da dalili, domin tsakanin cikin Kona ko Ioniq 5 da ƙasa wajen santimita 16 ne kacal, kuma batir ne shimfiɗe a wurin. To amma in tsayin ƙafa ya wuce na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari, agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya, kwamfutar da ke lissafin sauran caji ta rikice, tayar kuma ta riƙa gugar jikin mota a kwana. Ɗagawar da za ka samu cikin wannan iyaka wajen santimita ɗaya ce kacal. Inda tarakta ta haƙa layi biyu ta bar tudu a tsakiya, ka ɗora ƙafa ɗaya a kan tudun ka bi a hankali, ko ka ajiye motar ka hau babur.

6. Taya mai manyan haƙora irin ta Hilux tana da amfani a taɓo, amma tana cin caji, tana kuma gurnani a kwalta. A motar da ba ta da ƙarar inji, gurnanin nan zai ishe ka kafin ka kai Na'ibawa. Mai matsakaicin zane ta wadatar.

7. Taya 'yar gwanjo sai da ido biyu. Nemi inda aka rubuta DOT, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra sun daɗe suna gargaɗin cewa taya na tsufa ko da ba a hau ta ba, kuma suna duba wannan lamba a hanya. Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. Cikin tayoyin da ake kwasowa daga Turai akwai na lokacin ƙanƙara, masu hoton tsauni da ɗigon ƙanƙara a ciki. Zanensu yakan yi kyau ƙwarai, har mai saye ya ɗauka ya yi tsintuwa, alhali robarsu mai laushi ce da aka yi don sanyi. A kwaltar watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, nan da nan take suɗewa, balle a ƙarƙashin mota mai nauyin batir. Duba kuma inda aka rubuta darajar jure zafi, ka nemi A, ko aƙalla B.

8. Iska a auna ta da safe kafin mota ta yi tafiya, da geji, ba da bugun ƙafa ba, a kuma bi lambar da ke jikin ƙofa maimakon wadda ke jikin taya, don ta jikin taya iyaka ce. Iska na raguwa da sanyin hunturu, saboda haka a sake dubawa in yanayi ya juya. Taya mai ƙarancin iska tana zafi, tana cin gefe, tana shan caji. Motar lantarki tana fizga tun daga tsaye, shi ya sa ƙafafun da ke jan ta ke saurin cinyewa. A riƙa musanya na gaba da na baya duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000. In biyu kawai za ka iya saya, su zama iri ɗaya, a sa su a baya.

9. Tambayi safaya tun kafin a yi ciniki. Da yawa daga cikin motocin nan ba sa zuwa da ita, sai ɗan famfo da kwalbar ruwan toshe huda, wanda ke maganin ƙusa ko ƙaya amma ba ya komai ga tayar da ƙarfe ya yanka a gefe. Sa kuɗin cikakkiyar safaya da jak mai iya ɗaukar nauyin motar a cikin lissafinka. Ranar da ka je wurin mai faci kuma, kada ka tafi shan shayi ka bar shi. Ka tsuguna ka nuna masa wurin da kamfani ya yi alama don kafa jak, domin yaron shago ya saba cusa shi duk inda ya ga ƙarfe mai faɗi, a motar nan kuwa ƙarfe mai faɗin murfin batir ne, batirin da shi ne kaya mafi tsada a jikin motar.