Darasin Tsaro a Makarantun Randagi

Ya ku iyayen yara da masu unguwanni, tun shekarar 2014 hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, wato NERDC, ta sa ilimin tsaro cikin darussan firamare da ƙaramar sakandare. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma ku zauna da malamin da ke riƙe da alli a Randagi, ku ji nasa bayanin.

Kukansa na farko, darasin kamar don 'yan birni aka tsara shi: a kulle ƙofa, a kiyayi 'yan damfara, a buga wa 'yan sanda waya. To, yaron ƙasar Birnin Gwari da ya iya bambance ƙarar babur ɗin ɗan acaɓa da ta ayarin 'yan bindiga tun bai iya haɗa baƙi ba, me zai ƙaru da shi a nan? Wayar ma ai an taɓa katse ta a yankin nan a 2021.

Kuka na biyu ya fi nauyi, kuma ba a faɗarsa da ƙarfi. Malamin kansa abin farauta ne. Ran 15 ga Maris 2021 mahara suka shiga firamaren Rama suka tafi da malamai uku. Ran 7 ga Maris 2024 aka kwashe ɗaliban Kuriga, sai bayan fiye da mako biyu aka dawo da 137. Malamin da ya san wannan, yaya zai saki baki a aji a kan masu kai wa 'yan daji labari, alhali bai san gidan da maganarsa za ta kwana ba? Bango yana da kunne. Kada ku ce ragwanci ne. Shi ma yana da iyali.

Duk da haka darasin ba abin yarwa ba ne, gyara yake so. A koya wa yaro inda zai nufa idan an kaɗa ƙararrawa, ya kama hannun ƙanensa, kada ya ruga gona shi kaɗai, kada ya nuna wa baƙo gidan kowa. A riƙa gwadawa a fili yadda ake gwada fareti.

Sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 ya buɗe hanyar Kaduna da kasuwar shanu. Yanzu da aka ɗan sami numfashi, ku halarci taron iyaye da malamai, ku tsara wannan tare, kada ku bar wa malam shi kaɗai.