Ki Jira Shi Ya Nemo Kalmarsa

'Yata, na ji an tura ki sashen masu shanyewar ɓarin jiki, ke ce mai kula da maganarsu da haɗiyarsu. Allah ya sa albarka. Ga abin da nake so ki riƙe tun kafin idonki ya saba da wurin.

Za ki tarar da dattijo a kwance, hannun dama ya mutu, baki ya karkace, 'ya'ya sun kewaye gado suna zancensa kamar ba ya nan. "Ai Baba ba ya gane komai," haka za su ce miki. Kada ki ɗauki wannan magana sai kin gwada da kanki. Cikin mutum uku da ciwon nan ya kama, kusan ɗaya yakan rasa magana, amma sau da yawa hankalinsa na nan daram. Tun 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya ba da labarin majinyacin da ya shekara 21 a asibiti a Paris, ba abin da ke fita bakinsa sai "tan", alhali yana fahimtar abin da ake gaya masa. Da ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, sai ga rauni ta gaba a ɓangaren hagu. Hagun ƙwaƙwalwa shi ke jan ragamar daman jiki, shi ya sa wanda damansa ya shanye ya fi yawan rasa baki. A 1874 kuma Carl Wernicke na Jamus ya bayyana wani nau'in: magana na zuba ba tsayawa amma ba kai ba gindi, majinyacin kuma bai cika gane ta wasu ba. Irin wannan ne dangi kan ce ya taɓu, ko iska ta buge shi. Ki zaunar da su ki yi musu bayani, ba tare da kin nuna musu rashin sani ba.

In kin shiga, ki yi masa sallama, ki rusuna ki gaishe shi yadda ake gaida babba. Kada ki ɗaga murya, ba kurma ba ne. Kada ki yi masa maganar yara. Ki yi tambaya ɗaya, gajera, sannan ki yi shiru. Shirun nan shi ne mafi wuya a aikinmu. Za ki ga leɓensa na rawa, ido ya kafe kan kofi, ya san abin sarai amma sunan ya ƙi zuwa. Ranki zai so ki faɗa masa don ki hutar da shi. Ki daure. In ya gaza, ki ba shi farkon kalmar kawai, ko ki nuna alamar sha, ki bar shi ya ƙarasa. Wadda ya nemo da kansa ita ce take zama.

Ki kuma nemi abin da ciwon ya bari. Mutumin da ya kasa faɗin sunan matarsa yakan iya ƙirga ɗaya zuwa goma, ya amsa gaisuwa, ya biya Fatiha ba tuntuɓe, don abin da baki ya haddace ba hanya ɗaya yake bi da sabuwar magana ba. A Boston, tun 1973, likitoci suka fara amfani da rera jimla da buga hannun hagu wajen dawo wa irin waɗannan da baki. Ki tambayi dangi da wane harshe ya tashi. In Bafulatani ne ko Babarbare, ki gwada shi da harshen gida, ba Hausa kaɗai ba.

Sai haɗiya, wadda ita ce take kisa a ɓoye. Ruwa tsantsa ya fi komai saurin kuskurewa ya bi hanyar numfashi, daga nan sai ciwon huhu. Wani ma ba ya ko tari idan ya ƙware. Ki saurari muryarsa bayan kurɓi ɗaya: in ta jiƙe tana gurgura, ki tsaya. Uwargida za ta ɗauko cokali ta ɗura masa ruwa ko rubutu yana kwance, don ƙauna take yi, saboda haka kada ki yi mata tsawa. Ki nuna mata yadda ake zaunar da shi tsaye, a ba shi kunu mai kauri kaɗan-kaɗan in ya dace da shi, a duba kumatun da ya shanye ko abinci ya maƙale, a wanke baki, a bar shi zaune rabin awa. In ba zai iya ba sam, ki gaya wa likita a sa robar hanci, ki tsaya ki lallashi dangi, don da yawa suna ɗaukar robar alamar ajali ce.

Za su tambaye ki yaushe bakinsa zai dawo. Kada ki yanka musu rana. Ki ce sauƙi ya fi sauri a watannin farko, amma yakan ci gaba har bayan shekara in ana motsa shi. Ke awa guda kike da shi, su ne ke kwana da shi, don haka ki zaɓi mai haƙuri a cikinsu, ko da jika ce, ki koya mata abin da kike yi. Ranar sallama ki tuna musu da maganin hawan jini, kada a daina don an ga sauƙi, kuma a riƙa fito da shi zaure ana hira da shi.