Kalmar "Surrender" da 'Yarta "Saranda": Tsokaci Ga Masu Koyon Fassara

Ni ba Bahaushe ba ne. A bariki na tsinci Hausa, domin mahaifina soja ne. Muna yara, idan ana kokawa aka danne mutum har numfashi ya fara yi masa wuya, abin da zai faɗa a ɗaga shi shi ne, "Na yi saranda!" Na daɗe ina faɗar wannan kalma ban san ta aro ce ba, sai da na shiga sakandare na haɗu da uwarta a littafin tarihi, wato kalmar Ingilishi "surrender". Tun daga nan na ɗauka duk inda na ga uwar, 'yar zan ajiye a gurbinta. Wannan zato ne ya ci mini maki a gwajin fassara na zangon da ya wuce, shi ya sa na ga ya dace in ja hankalin 'yan uwana ɗalibai kafin su faɗa ramin da na faɗa.

Jimlar da aka ba mu ita ce, "The court ordered him to surrender his passport." Ni kuwa ban yi wata-wata ba na rubuta, "Kotu ta umarce shi ya yi saranda da fasfonsa." Malam ya ja mata layi da jan biro, ya rubuta a gefe, "Yaƙi ake yi da fasfon?" Amsar da ake nema ita ce, "Kotu ta umarce shi ya miƙa fasfonsa."

Da na koma ƙamus sai na tarar shi ma Ingilishi aro ya yi. Ya samo kalmar ne daga tsohon Faransanci a ƙarni na 15, kuma sassa biyu gare ta: "sur" mai nufin bisa, da "rendre" mai nufin mayarwa ko bayarwa. A fagen shari'a ta fara zama, inda take nufin mutum ya mayar da fili ko wani haƙƙi ga mai shi. Ma'anar mutum ya ba da kansa ga abokin gaba daga baya ta zo. Ashe ke nan ma'anar da ta kayar da ni ita ce babbar yaya.

Ta fuskar nahawu, "surrender" tana zuwa a matsayin suna, tana kuma zuwa a matsayin aikatau, so-karɓau ko ƙi-karɓau. Idan aka ce "The soldiers surrendered", babu karɓau, sojojin kansu suka bayar. Idan kuwa aka ce "The soldiers surrendered their guns", bindigogi ne karɓau. To a nan gizo yake saƙar. Da Hausa ta ari kalmar, ɓangaren farko kawai ta ɗauka, ta kuma mai da shi suna wanda sai an jingina shi da "yi". Ana cewa ya yi saranda, sun yi saranda, amma ba a yin sarandar fasfo ko lasin ko bindiga. Waɗannan miƙa su ake yi, makamai kuma a ce an ajiye su, kamar yadda tsagerun yankin Neja Delta suka yi a 2009 lokacin afuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Siffar kalmar ba abin mamaki ba ce ga wanda ya yi darasin kalmomin aro. Baturen Ingila ba ya furta baƙin "r" na ƙarshe, Hausa kuma tana son kalma ta ƙare da wasali, sai ta fito daidai da 'yan uwanta irin su direba, lauya, kafinta, masinja da kwamanda. A ganina ta bakin soja ta shigo, tare da su saje da kofur da fareti. Kada a manta Hausawa da yawa sun yi yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu.

Ko a maganar yaƙin ma, saranda ba ta shiga ko'ina. Jamus ta sa hannu kan takardar "surrender" a watan Mayu na 1945, Japan ta sa nata ranar 2 ga Satumba na shekarar. A nan gida, Philip Effiong ya sanar da ƙarshen gwagwarmayar Biyafara ranar 12 ga Janairu 1970, kwana uku bayan haka ya bayyana gaban Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Ikko. A hira ta baka za ka iya jin tsoho ya ce Jamus ta yi saranda. Mai karanta labarai a rediyo kuwa "miƙa wuya" zai ce, domin ita ce mai nauyi da mutunci. Nauyinta ya kai har malamai suna bayyana ma'anar Musulunci da miƙa wuya ga Allah. Gwada sa saranda a wannan jimla ka ji yadda za ta yi wa kunne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Hausa take tambayar dalili kafin ta zaɓi kalma. Wanda ya yi ta turjiya har aka gajiyar da shi, ya saduda. Wanda aka kayar da hujja a muhawara, ya sallama. Saurayin da ya ga iyayen yarinya sun fi son wani, ya janye ba don an fi ƙarfinsa ba, ya haƙura, kuma yabonsa za a yi. Ka ce masa ya yi saranda, ka zage shi. Na taɓa yin haka ga wani abokina Bakatsine da nufin jaje, yini guda bai yi mini magana ba.

Akwai kuma "give up", wadda ɗalibai suke ɗauka tagwaye ce da "surrender". Sun yi tarayya a wasu wurare, amma "give up" ta fi faɗi kuma ta fi zama a bakin yau da kullum. Wanda ya yi ta ga taba, ya daina sha ne. Wanda ya yi ta ga fata, ya fid da rai ko ya yanke ƙauna. Sarki ko minista da ya yi ta ga kujerarsa, ya yi murabus. A Turancin Nijeriya ma idan aka fito daga ɗakin majiyyaci aka ce "he has given up", to ya cika ke nan, sai a yi hattara kada a fassara wa dangi cewa ya haƙura.

A ƙasan takardar tawa akwai wata jimla da na bari ban taɓa ba saboda ƙurewar lokaci: "She finally surrendered to sleep." Na gwada miƙa wuya, na gwada saduda, duk suka ƙi zama. Da na kai wa wata 'yar ajinmu Bazazzagiya, ko alƙalami ba ta ɗauka ba. Ta juya jimlar gaba ɗaya, ta mai da barci shi ne aikau, ta ce, "Daga ƙarshe barci ya sace ta."